Ƙafa Kafin Murya

Azumin bana a Birmingham wasa ne. Mutum bai gama cire takalmin aiki ba ake shan ruwa, ga sanyi, ƙishirwa ma ba ta samun wurin zama a maƙogwaro. Amma ranar farko 'yata Hanan, wadda bana ta fara kai azumi, ta baje a kujera tun la'asar ta ce, "Baba, I'm starving, wallahi cikina ya manne da bayana." Na yi dariya har uwarta ta harare ni. Yarinyar da ba ta taɓa azumin watan Yuni a ƙasar nan ba, me ta sani? Na ce a raina in na je Manchester zan ba Kaka Usman wannan labari, don shi ne zai fi kowa jin daɗinsa.

Shekara goma da ɗoriya ke nan da wancan azumi. Lokacin ina karatun digiri na uku a fannin yaɗa labarai, ƙasar kuma tana cikin shekarun tsuke bakin aljihu. Duk inda ka juya an rufe wani abu. Laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin yini, an janye motar bas ɗin da ke bi ta layinmu, masallaci ya fara raba gwangwanayen wake ga mutanen da ba ka taɓa zaton za su tsaya a layi ba, har da Turawa. Tallafin karatun da jiharmu ta turo ni da shi ya yi shiru kamar an shuka dusa. Na bar gidan hayata na Ardwick na koma Cheetham Hill, wani ɗan ɗaki a can ƙarƙashin rufin gidan wasu Indiyawa Musulmi. Tagar ɗakin a rufi take, kuma ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu. Gidajen Ingila an gina su ne don su riƙe zafi, to a bazarar nan sun riƙe shi da amana.

Maigidan sunansa Rafik, direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya. Matarsa Sajida tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Wanda kullum yake gida shi ne mahaifin Rafik, Kaka Usman, wani gajeren dattijo mai farin zane ɗaure a ƙugu, da safa, da rigar sanyi ko ana narkewa. A wurinsu Kaka ake ce wa babban mutum, don haka bakina bai sha wahala ba. Su mutanen Biyari ne, Musulmin gaɓar teku ta wajen Mangalor a kudancin Indiya, da harshensu na kansu wanda ko sauran Indiyawan unguwar ba sa ji. Bayan rasuwar matarsa Rafik ya ɗauko shi, wai ya zo ya ɗan huta. Gwiwa ta riƙe shi, hutu ya zama zama. Bai taɓa hawa bas shi kaɗai a Ingila ba. Jikokinsa in ya yi musu magana da Biyari, da Turancin Manchester suke ba shi amsa, idonsu na kan talabijin.

Da farko na ɗauke shi tsohon ɗan kasuwa. Sai wata rana ina saukowa na ji murya a falo, mai nauyi, a tsare, irin wadda ko ba ka jin harshen ka san labarai ake karantawa. Na leƙa. Shi kaɗai ne zaune gaban taga, bayansa a miƙe, yana fassara jaridar da ake rabawa kyauta zuwa Biyari, yana karanta wa motocin da aka ajiye a bakin titi. Ya gama, ya yi sallama da masu sauraro, sannan ya juyo ya ce mini da Turanci mai kyau, "Murya kamar wuƙa ce, in ba a wasa ta sai ta dakushe." Daga ranar na sa wa abin suna Rediyon Taga, shi kuma ya karɓi sunan da murna.

Azumi ya kama a tsakiyar wannan zafi. Ka dawo daga asham, ka ɗan kishingiɗa, sai sahur. Ka ci abinci ba don kana so ba, ka cika ciki da ruwa, ka hau sama ka kwanta rana na haska maka fuska ta tagar rufi. In yi wanka in tafi jami'a a ƙafa, in zauna gaban kwamfuta ina kallon layi ɗaya har azahar. Wahalar ba a nan take ba. Wahalar tana bayan la'asar, lokacin da jikinka ya gama yarda cewa magariba ta kusa, rana kuwa tana tsaye a sama ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Leɓe ya tsage, kai ya yi nauyi, yaran maƙwabta na shan askirim a bakin titi suna ɗiga a riga.

A wannan tsakanin muke dafa ganji. Kunun shinkafa ne da kwakwa da hulba, wanda a garinsu ba a shan ruwa sai da shi. Ni ke kankare kwakwa, shi yana kan kujera da ludayi yana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi. Tukunya biyu muke yi, ɗaya ta gida, ɗaya in ɗauka zuwa masallaci. Ƙamshin hulbar nan in ya bugi mai azumi sai yunwa ta dawo sabuwa. A bakin wannan tukunya na ji tarihinsa, guntu-guntu, ba a jere ba.

Ya ce da yana saurayi harshensu na kicin ne da kasuwar kifi. Jarida da wani harshe take, rediyo da wani, wa'azi ma sau da yawa da wani. Shi ya fara ɗaura lasifika a keke yana zaga ƙauyukan gaɓa yana faɗar labarai da Biyari, mutane na yi masa dariya. Da mazansu suka fara tafiya ƙasashen Larabawa neman aiki, ya riƙa naɗar labaran gida a kaset yana ba matafiya: an haifi wane, ruwa ya cinye gadar wane gari, kifi ya yi araha. Daga baya ya samu 'yan mintuna a rediyo, sannan shiri nasa na kansa. In ana neman jini a asibiti shi ake bugo wa. In kwale-kwale bai dawo ba lokacin damina, matan masunta a ƙofar ofishinsa suke kwana. A Manchester ma, shekara guda kafin in zo gidan, wani rediyon azumi na wucin gadi ya ba shi rabin sa'a a cibiyar unguwa. A shekarar da na zo ƙaramar hukuma ta janye hannu, aka sa wa ginin kwaɗo, kayan aikin suna cikin kwalaye a garejin wani.

Amma abin da ya fi alfahari da shi wata doka ce da ya kafa wa kansa. Bai taɓa sanar da mutuwa ba sai ya tabbata wani ya taka da ƙafa ya je ya gaya wa mafi kusa da mamacin, ido da ido. Ya ce yana yaro ya ga wata mai tallar kifi ta ji sunan ɗanta a lasifika a tsakiyar kasuwa, kwando a kanta, ba wanda ya riƙe ta. Tun daga nan, ko gawa tana jiran jama'a, sai ya tura yaro a keke ko ya je da kansa, sannan ya buɗe baki. Ƙafa kafin murya, haka yake cewa.

Ni kuwa da rawar kan ɗan boko na ce masa, "Kaka, wannan a zamanin yanzu ai kora ce daga aiki. Kafin kekenka ya isa wasu sun sanar sau goma."

"Sun sha riga ni," in ji shi. "Juya tukunyar, tana kamu."

Duk wannan hira da nake yi, rabin hankalina yana aljihuna. Mahaifiyata, Umma, tana kwance a Funtuwa tun kafin azumi, ɓarin jikinta ya shanye. Fasfona kuma yana ofishin shige da fice, na nemi ƙarin izinin zama don in ƙarasa karatu, aka ce in jira, ba a ce zuwa yaushe ba. Ina iya cewa a dawo mini da shi, amma da na yi haka neman ya rushe, in na fita ba dawowa, shekarun da na kashe sun tafi a banza. Gaba kura, baya sayaki. Na tsani ɗakin nan, na tsani tagar da ba ta buɗuwa, na tsani kaina da na yi ta bin ofisoshi ina roƙon a turo ni. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Agogonmu ɗaya da na gida a bazara. Don haka in sun sha ruwa, Yaya Auwal yakan kara wa Umma waya a kunne. Ina jin ruwan sama na dukan kwanon ɗakinta, ina jin ƙarar cokula. Maganarta ta yi nauyi, amma tana fita.

"Habibu, kun sha ruwa?"

"Da saura, Umma. Rana ko ja ba ta yi ba."

"Wace irin ƙasa ce wannan, rana ba ta da kunya?" Ta ja numfashi. "Auwalu ya ce kana maganar tahowa. Kada ka kuskura. In ka bar karatun nan saboda ni ban yafe ba."

Ta ɗaure ni da wannan kalma fiye da yadda ofishin ya ɗaure ni. Kuma akwai zauren danginmu a waya, inda wani ɗan kawuna, Nazifi, ya zama sarkin sanarwa. Mutum bai gama cikawa ba Nazifi ya saka hotonsa da kalmar istirja'i. Duk lokacin da wayar ta yi motsi sai in zabura. In ina salla ina jin ta, in ina wanka ina jin ta, ko ba ta yi ƙara ba.

Wata la'asar na kasa daurewa na zazzage wa Kaka komai, na ce ya gaya mini abin da zan yi. Na zaci zai kawo aya ko hadisi. Ya daɗe yana kallon tukunya, sannan ya ce, "Ba ni lambar yayanka, in gaishe shi da mai jiki." Haushi ya kama ni. Ina maganar wuta yana maganar gaisuwa. Na karanto masa lambar a tsaye na haura sama, ranar ko kwakwar ban ƙarasa ba.

A ƙarshen kowane mako nakan tafi Birmingham. Wani abokina Danladi, mutumin Kafanchan, shi ne mai kula da layi a wata masana'antar haɗa sanwici kusa da Perry Barr, ya samo mini aikin kwana biyu, ina kwana a falonsu. Matarsa Saratu, duk da ba azumi suke ba, ba ta taɓa barin magariba ta same ni ba kunu ba. Aikin kuwa, ka tsaya cikin ɗakin sanyi da hula da farar riga kana jera latas a kan burodi, abinci na wucewa ta gaban hancinka tun safe. Ba a shiga da waya, a akwatin ƙarfe ake kulle ta a ɗakin canza kaya. Lokacin hutu kowa yakan ruga ya duba tasa, ni ba na zuwa. Ina cewa don ina azumi ne, amma gaskiya nan ne kaɗai wurin da nake hutawa da ita.

Ranar wata Asabar a goman ƙarshe, ana dab da tashi, Danladi ya dafa kafaɗata.

"Habibu, zo. Kana da visitor a gate."

"Bari in ɗauko wayata."

"Bar locker ɗin nan tukuna, ba gudu zai yi ba. Zo mu bi ta gaba."

Bai dube ni ba da yake maganar. Muka fito daga sanyi zuwa cikin rana, zafin ya mare ni. A gefen ɗakin mai gadi, a kan wata kujerar roba, ga Kaka Usman. Farin zanensa ya yi baƙi a gefe, safarsa ta zame, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, leɓensa fari fat. Mutumin da ko kantin kan kwana ba ya zuwa sai da rakiya.

Ban tambaye shi me ya kawo shi ba. Wanda ya sha hirar bakin tukunya ba ya buƙatar tambaya. Danladi ya tura ni gaba a hankali. Kaka ya miƙe da ƙyar ya zaunar da ni a kujerar, ya kama wuyan hannuwana biyu ya riƙe gam. A gida da kewaye-kewaye za a fara, a ce jiki ya yi tsanani, a ce ka yi haƙuri ka zo. Shi bai yi haka ba. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni, ya yi magana da muryar Rediyon Taga, da Hausa.

"Habibu. Umma ta rasu."

Kalmomin sun fito a karkace, amma ba wanda ya ɓace. Ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙanta." Iyakar Hausarsa ke nan a duniya. Na kifa kaina a cikinsa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro, ina warin hulba da gumi a rigar sanyinsa, shi kuma bai saki hannuna ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Tun ranar da ya karɓi lambar ya roƙi Yaya Auwal cewa in ta faru shi za a fara kira. Bayan asuba ta cika. Yaya ya kira shi, Kaka ya sa shi ya yi ta maimaita masa kalmomin har suka zauna. Rafik yana can arewa da mota, Sajida tana wurin aiki ba ta ɗauka. Bai san lambar Danladi ba, sunan kamfanin kawai ya sani, daga jikin wata jaka da nake zuba takalma. Ya fita da sanda, ya tambayi hanyar taragon cikin gari, ya tambayi tashar manyan motoci, ya sauka Birmingham ya nuna wa mai tasi jakar. Ya ce matar da ta zauna kusa da shi a mota ta canza kujera, don ta ga tsoho yana ta maimaita abu ɗaya a ƙasan numfashi.

Na ce, "Kaka, me ya sa ba ka faɗa da Turanci ba? Ai da na gane."

Ya ce, "Da wane harshe ta yi maka rawa kana goye?"

Danladi ya ɗauko wayata, amma Kaka ya karɓe ta ya sa a aljihunsa. Sai da muka isa gida, na yi alwala, na zauna, sannan ya ba Danladi lambar Yaya ya kira a tasa. Yaya ya ce an kai ta tun hantsi, ƙasa a jiƙe, jama'a har bakin titi. Wato lokacin da ake saka ta a kabari ina jera latas. Bayan mun gama Kaka ya miƙo mini wayata ya ce yanzu murya tana iya shigowa. Na buɗe. Saƙon Nazifi ne a sama, tun da sassafe, da hoton makara a tsakar gidanmu. Na daɗe ina kallonsa, ina tuna cewa da a ɗakin canza kaya zan gan shi, a tsaye, da hular leda a kaina, tsakanin mutanen da ke sauri su kama bas.

Saratu ta roƙe shi ya sha ruwa tunda matafiyi ne kuma ga tsufa. Ya ƙi. Muka zauna a ɗan lambun bayan gidan muna jiran ranar nan marar kunya. Da ta faɗi, Saratu ta kawo kunun gyaɗa. Ya kurɓa, ya ce da an sa hulba da ya yi. Na yi dariya da hawaye a fuskata, Allah ya sani ban san ta ina ta fito ba.

Fasfon ya zo bayan salla da 'yan makonni, a cikin ambulan, kamar ba abin da ya faru. Na je na tsaya a kan kabarin, ciyawa har ta fito. Na ƙarasa karatun kamar yadda ta ce. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma na daina tambayar malamai, don kowanne amsar da zai sanyaya mini rai yake ba ni. Aiki ya kawo ni Birmingham, na yi aure, Kaka ya ci gaba da karanta wa motocin Cheetham Hill labarai. Duk wata nakan je, in kankare kwakwa, ya ce ban iya ba har yanzu.

Ban samu kai masa labarin Hanan ba. A goman tsakiyar azumin nan, wata ranar aiki da hantsi, ina gida ina duba takardun ɗalibai, aka danna ƙararrawa. Na buɗe na ga Rafik tsaye cikin yayyafi, makullin mota a hannu, idonsa jawur. Tsakanin Manchester da nan ba ƙaramar tafiya ba ce, ga lambata a wayarsa, amma bai kira ba. Ya shigo ya zaunar da ni a kan matakala, ya kama wuyan hannuwana biyu. Da Hausa, cikin karin harshensa na Manchester, ya ce, "Habibu. Kaka ya rasu." Ya ce tun bara tsohon yake sa shi haddace wannan jimla, in ya yi kuskure ya sa shi ya sake.

Hanan ta leƙo daga sama tana tambayar wane ne. Na ce ta miƙo mini hulata da rigar sanyi. Bayan la'asar za a yi jana'iza, in ji Rafik, in muka kama hanya yanzu za mu isa. Wannan karon da ni aka ɗauki makara.